Mu Bakwai a Rumfar Baya

Sunana ya fito a takarda ranar Litinin,
ni da ko rigimar kaji ban taɓa rabawa ba.
Sakataren kasuwa ya ce, "Asabe, layi ne ya zo kanki,
kowane sashe mutum guda, 'yan kabeji ke suka bayar."
Na bar wa Nanret rumfa da gwangwanin canji,
na ce ko uwata ce ta zo, ba bashi.

Mu bakwai a rumfar baya, Farin Gada.
Benci biyu, tebur mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗun.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
sai mai magana ya ɗaga murya kamar kwandastan Bukuru.
Baba Gyang ya sako kwat ɗinsa ta coci,
Sale mai albasa ya zo da carbi da warin sana'arsa,
Ngo Kachollom tana saƙa wa jika hula,
idonta a zare, kunnenta a kanmu.

Buhu biyu ne na dankalin Bokkos.
Talatin da takwas aka ce mota ta sauke da asuba,
da gari ya waye, talatin da shida.
Alhaji Maikano ya ce Tanimu ne.
Tanimu ɗan dako ya tsaya da gammo a hannu,
yana murɗa shi, yana murɗawa,
kamar gaskiyar a ciki take, ta ƙi ɗigowa.

Ranar farko, jira. Direba bai zo ba.
Ta biyu, direba ya zo, littafi bai zo ba.
Muka sha shayi, kowa da kuɗinsa,
don an ce ko ɓarin goro kada mu karɓa.
Kabeji dai bai san an ɗage zama ba,
ganyen waje ya yi laushi, Nanret ta karya farashi.

Da dare maigida ya ce, "To, shi ne ko ba shi ba ne?"
Na ce tuwonka na hucewa.
Na kwanta ina jera buhuna a rufin ɗaki,
duk sanda na kai talatin da biyar
sai fuskar yaron ta shiga tsakani,
in koma ɗaya.

Rana ta uku littafi ya iso a leda.
Muka sunkuya, kai bakwai kan shafi guda.
Ruwa ya riga mu zuwa, ya lashe kan lambar:
takwas ce da ta jiƙe, ko shida ce da ta kumbura?
Sale ya ce ya san yaron, bara ma an yi zancensa.
Baba Gyang ya cire tabarau,
ya ce, "Bara ba ta cikin littafin nan."

Aka ba kowa ƙwaya biyu.
Wake: ya ɗauka. Masara: ba hujja.
Ban san ƙwaya na da nauyi ba
sai da na riƙe abincin wani a tafin hannuna.
Na sa hannu ƙarƙashin gyale,
gwangwanin madara ya yi ƙaras.

Masara biyar, wake biyu.
Alhaji ya kaɗe riga, ya ce akwai Allah.
Tanimu ma haka ya ce.
Ngo ta gama hular, ta ciji zare.

Washegari motar kabeji ta zo,
shi ya sauke min, buhu tara, bai ce komai ba,
ni ma ban ce ba. Na biya shi, ya ɗora gammo ya wuce.

Sai da ya sha kwana wajen 'yan karas
na ga yatsana na bin buhunan.
Tara ne.
Na sake ƙirgawa.